Yadda Ake Neman Tallafin Gyaran Hanyar Makaranta a Amurka

Kowace unguwa tana da irin wannan mahaɗa. Titi mai layi huɗu, babu danja, zanen tsallakawa ya koɗe, motoci suna kwararowa kamar an koro su, ga yara da jakunkuna a baya suna leƙe ta bayan motar da aka faka. Uwa ta fita aiki tun asuba, uba yana kan sitiyari tun daren jiya, sai yaya 'yar shekara goma sha ɗaya ta kama hannun ƙannenta biyu ta yi shahada ta tsallaka. Mu mazauna Amurka, na yankin Bronx a birnin New York da na sauran garuruwa, mun saba yin ƙorafin wannan a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a, mu ce Allah ya tsare, kowa ya kama gabansa. Da yawanmu ba mu san akwai kuɗin da gwamnati ta ware don gyaran irin wannan wuri ba. Sai dai ba a bin unguwa-unguwa ana rabawa. Wanda ya nema shi ake ba, shi ma sai ya nema yadda ake so.

Kafin mu yi nisa, ga abin da zai hana ku ɓata lokaci: ba a danƙa wa uba ko uwa wannan kuɗi a hannu. Hukuma ce ke cika takarda, ita ke karɓa, ita ke ɗaukar ɗan kwangila. Aikin iyaye shi ne su haɗa hujja su ɗora mata a tebur, su kuma tsaya a kanta har ta aika. Ma'aikacin birni yana da mahaɗa barkatai a gabansa. Wadda aka kawo masa da ƙirga da hotuna da sa hannun shugaban makaranta ita yake fara ɗauka, don an rage masa rabin aiki.

Mataki na farko: ku san sunan kuɗin da inda yake kwana

Sunan shirin Safe Routes to School, wato hanyar zuwa makaranta da babu haɗari. Ku riƙe sunan yadda yake, domin da shi za ku yi bincike a intanet, da shi kuma za ku yi magana a ofis. Tushensa birnin Odense ne na ƙasar Danmak, a shekarun 1970, lokacin da yawan yaran da mota ke bugewa ya ishe su. A Amurka kuwa a Bronx aka fara shi a 1997, yankin da a yau yake cike da 'yan'uwanmu na Gana da Nijar da Nijeriya. A 2005 majalisar dokokin ƙasar ta mayar da shi shirin tarayya, ta ware masa dala miliyan 612 na shekara biyar, bisa jajircewar ɗan majalisa Jim Oberstar na jihar Minnesota. Abin da ya dame su yana nan a alƙaluma. A 1969, kashi 48 cikin 100 na yaran ƙasar da ƙafa ko keke suke zuwa makaranta. Zuwa 2009 saura kashi 13.

A 2012 aka rushe asusun na musamman, aka juye shi cikin wata babbar tukunya mai suna Transportation Alternatives, inda gyaran hanyar makaranta yake gogayya da sauran ayyukan masu keke da masu ƙafa. Dokar manyan ayyuka ta 2021 ta ƙara wa tukunyar kuɗi zuwa kusan dala biliyan 1.4 a shekara, ta kuma shigar da manyan makarantun sakandare, waɗanda a da ba sa ciki, don shirin a aji 8 yake tsayawa. Kuɗin daga Washington yake fitowa, amma ba can ake nema ba. Ma'aikatar sufuri ta jiharku ce ke buɗe gasa. Idan kuma kuna yankin birni mai mutum fiye da 200,000, hukumar tsara sufuri ta yankin, wadda ake taƙaita sunanta da MPO, tana da nata kason da take rabawa. Ƙofa biyu ke nan.

Dokar 2021 ɗin ta buɗe ƙofa ta uku, Safe Streets and Roads for All, mai dala biliyan 5 daga 2022 zuwa 2026, wadda birane da gundumomi ke nema kai tsaye daga tarayya. Wasu jihohin kuma suna da nasu na gida. Kalifoniya ta kafa Active Transportation Program a 2013. Oregon ta yi doka a 2017 ta ware dala miliyan 10 a shekara don gine-ginen hanyar makaranta, ya koma miliyan 15 daga 2023. In jiharku tana da irin wannan, da shi za ku fara, domin sau da yawa takardunsa ba su kai na tarayya nauyi ba.

Aikin da za ku yi a nan na dare ɗaya ne. Ku rubuta sunan jiharku tare da sunan shirin a Google, ku shiga shafin ma'aikatar sufuri, ku nemo jami'in da ke kula da shirin. Ku kwafe abu huɗu a littafi: yaushe ake buɗe nema da rufewa, wa aka yarda ya nema, nawa ake so gida, wato hukumar da ta nema, ya haɗa, da takardar da ke nuna yadda ake ba da maki. Wannan ta ƙarshen ku buga ta ku ajiye, za mu dawo kanta. Wasu jihohin duk shekara suke buɗewa, wasu sai bayan shekara biyu, tagar kuma 'yan watanni ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kun tarar an rufe na bana, daidai ke nan, kun sami lokacin shiri.

Mataki na biyu: ku tara mutane, amma ba taron biki ba

Mutum biyar ko shida sun isa: iyaye biyu ko uku, malami ɗaya, wani daga ƙungiyar iyaye da malamai, da mai tsallakar da yara in akwai. Wannan na ƙarshen kada ku raina shi. Yana tsaye a mahaɗar safe da rana, cikin ruwa da dusar ƙanƙara, ya san motar da ba ta tsayawa da kwanar da yara ke yankewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shugaban makaranta shi ne mabuɗi. Idan bai yarda ba, ba za ku shiga aji ku yi ƙirga ba, kuma da wuya takarda ta wuce babu wasiƙarsa. Ku nemi ganawa ta minti goma sha biyar, ku ce masa ba kuɗinsa kuke nema ba, ba kuma aiki za ku ƙara masa ba. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi makaranta ta kawo tafinta, haƙƙinsa ne. Ku kuma fita daga da'irar 'yan garinku. Takardar da ta fito daga iyaye masu harshe uku ko huɗu ta fi ta ƙungiyar ƙabila ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: ku ƙirga

A nan yawancin masu nema ke faɗuwa. Suna rubuta cewa titin yana da haɗari ƙwarai, yara suna cikin tsoro. Duk takardar da ta zo haka take cewa. Mai ba da maki lamba yake nema.

Ƙirga ta farko a cikin aji ake yin ta, kuma akwai fom ɗinta na musamman da ake amfani da shi a faɗin ƙasar. Malami ya tambayi yara da safe, su ɗaga hannu: wa ya zo da ƙafa, wa ya zo da keke, wa ya zo a bas ɗin makaranta, wa aka kawo a motar gida, wa ya hau motar haya ko jirgin ƙasa, da kuma yadda kowa zai koma. Ana yi a ranakun Talata, Laraba da Alhamis, aƙalla kwana biyu, domin Litinin da Juma'a ba sa nuna yadda mako yake. A rubuta yanayin gari na ranar. Minti biyar ya ishi kowane aji.

Ta biyu takardar tambayar iyaye ce. Tana tambayar ajin yaro, mahaɗa mafi kusa da gida, nisan gida da makaranta, da abin da ke hana a bar shi ya tafi da ƙafa: gudun motoci ne, rashin wurin tsallakawa, nisa, ko tsoron 'yan iska. Na san abin da ke zuwa ran wasunmu da zarar an ce a cika fom. Wannan ba ta tambayar takardun zama, ba ruwanta da yadda mutum ya shigo ƙasa. Ku faɗa wa mutane haka ƙarara, in ba haka ba rabin takardun ba za su dawo ba. Ku fassara ta da baki ga iyaye mata a wurin ɗaukar yara, ku cika tare a tsaye.

Abin da kuke farauta a cikin amsoshin shi ne giɓi. A ce yara ɗari biyu suna zaune ƙasa da rabin mil daga makaranta, amma saba'in ne kawai ke zuwa da ƙafa, sauran kuma iyayensu duk titi ɗaya suka ambata. Wannan ita ce hujjarku: ga yaran da za su taka in an gyara wuri kaza.

Ta uku tarihin haɗurra ne, yawanci na shekara biyar da suka wuce. A birnin New York akwai taswirar Vision Zero View da kowa zai iya buɗewa ya ga inda aka yi rauni da inda aka yi rashi. A Kalifoniya akwai irin wannan taswira mai suna TIMS, na jami'ar Berkeley. A sauran wurare ku tambayi ma'aikatar sufuri ko ofishin 'yan sanda. In kun duba kun ga ba a taɓa buge kowa ba, ku gode wa Allah, kada ku karaya. Wani lokaci rashin haɗarin yana nufin iyaye sun hana yara bin wurin ne gaba ɗaya. Ku roƙi birni ya auna gudun motoci da yawansu a titin, su suke da na'urar.

Gudun nan shi ne zuciyar magana. Binciken gidauniyar AAA na 2011 ya nuna wanda mota ta buge tana gudun mil 23 a awa, yiwuwar ya mutu kashi 10 ce cikin 100. A mil 32 ta zama kashi 25, a mil 42 ta zama rabi. Idan awo ya nuna motoci suna yin 40 a gaban makaranta, ku ɗora wannan lamba kusa da waccan, ba sai kun ƙara ko kalma ba.

A ƙarshe ku karɓo daga ofishin makaranta yawan ɗalibai, da kason waɗanda ke cin abincin rana kyauta ko a farashi mai rangwame. Jihohi da yawa da wannan suke gane unguwar masu ƙaramin ƙarfi, kuma suna ƙara mata maki. A Kalifoniya doka ce aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin shirin ya tafi irin waɗannan unguwanni. Abin da wasu ke jin kunyar faɗa, a nan shi ne jari.

Mataki na huɗu: ku taka hanyar da ƙafarku

Gani ya kori ji. Ku buga taswirar unguwa, ku sa rana, ku bi hanyar da yara ke bi. Amma ku kula da lokaci. Karon farko da muka yi, ranar Asabar muka zaɓa da hantsi, don ita ce ranar da kowa yake da sarari. Muka tarar da titi fayau, ko kare babu, har muka fara jin kunyar injiniyan da muka gayyato. Sai da muka sake a ranar makaranta, rabin awa kafin a buga ƙararrawa, sannan wurin ya nuna halinsa. Ku yi sau biyu, lokacin shiga da lokacin tashi. In da hali ku ƙara ɗaya a cikin hunturu, lokacin da gari ke makara bai waye ba, kuma tarin dusar ƙanƙara yake tura yara cikin titi.

Ku tafi da yara biyu ko uku. A bakin mahaɗa babba ya durƙusa ya kai tsayinsu, ya ga abin da suke gani. Motar da aka faka dab da kwana, wadda babba ke hangen titi ta samanta, ga ɗan shekara bakwai katanga ce. Wani ya tura keken jarirai, nan take za ku gane inda babu gangarar sauka daga daɓen masu ƙafa. Ku lura da inda daɓen ya yanke, inda ya farfashe, fitilar da ta mutu, danjar da ke canzawa kafin ƙaramin yaro ya kai tsallake, da inda iyaye masu mota ke yin layi biyu suna sauke yara a tsakiyar titi. Na ƙarshen nan, mu faɗi gaskiya, har da mu a ciki.

Kowace matsala a ba ta lamba a taswira, a ɗauki hoto, a rubuta rana da lokaci. Ku ɗauki yara ta baya ko daga nesa, kada fuska ta fito sai da izinin iyaye. Idan yaranku suna bin mahaɗar da yamma zuwa Islamiyya, ko tsofaffi suna bi zuwa asibiti ko tashar bas, ku rubuta. Tallafin na makaranta ne, amma nuna cewa unguwa duka za ta amfana yana ƙara nauyi.

Mataki na biyar: titin na wane ne, kuma me za ku roƙa

Wannan tambaya ce da ba ta zuwa ran baƙo. A Amurka titi yana iya zama na birni, ko na gunduma, ko na jiha, ko da a tsakiyar unguwa yake. Wanda ya mallake shi ne kaɗai zai yarda a taɓa shi. Ku tambaya tun yanzu, kada ku shafe wata shida kuna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. A ƙa'idar tarayya aikin gini yana zama ne cikin kimanin mil 2 daga makaranta, wasu jihohin kuma sun rage zuwa ƙasa da haka.

Kuɗin iri biyu ne. Akwai na gini, akwai na koyarwa da ƙarfafa gwiwa. A ɓangaren gini, hukumar manyan hanyoyi ta tarayya tana da jerin gyare-gyaren da ta tabbatar suna aiki, kuma roƙon abin da ke cikin jerin ya fi sauƙin karɓuwa. Daɓen masu ƙafa a inda babu shi yana rage buge masu tafiya a gefen titi da kashi 65 zuwa 89. Ɗan tsibiri a tsakiyar titi mai faɗi, inda yaro zai tsaya ya tsallaka rabi-rabi, yana rage haɗarin masu ƙafa da kashi 56. Fitila mai walƙiya da ake dannawa a wurin tsallakawa, kashi 47. Akwai kuma wanda kusan kyauta ne: a saita danja ta ba masu ƙafa daƙiƙa 3 zuwa 7 su fara shiga kafin a saki motoci, ya rage kashi 13. Sai tudun rage gudu, da faɗaɗa bakin kwana don tsallakawar ta gajarta, da layin keke mai shinge, da wurin ɗaure kekuna a makaranta.

Kada ku zo wa injiniya da maganin a hannu kuna cewa lallai danja. Akwai littafin ƙa'ida na tarayya da ya gindaya sharuɗɗan kafa danja, in mahaɗarku ba ta cika su ba zai ce a'a, magana ta mutu. Ku kai masa ciwon, ku bar shi ya zaɓi maganin, sannan ku yi ciniki. Ku kuma zaɓi wuri ɗaya ko biyu mafi muni. Mai roƙon a gyara unguwa duka yakan tashi a tutar babu.

Ɓangaren koyarwa shi ne koya wa yara tsallaka titi da tuƙa keke, raba hular kwano, biyan wanda zai riƙa tsara shirin, da abin da ake kira bas mai ƙafa: babba ɗaya ko biyu su bi layi suna kwasar yara gida-gida, a tafi a ayari. Wannan mu ba baƙonmu ba ne, haka aka kai mu makarantar allo. Wani bincike na 2014 a makarantu 801 ya gano gini yana ƙara masu ƙafa da keke da kashi 18, koyarwa kuma tana ƙara nata kashi a hankali shekara bayan shekara. In jiharku ta yarda, ku haɗa biyun. Shawarata kada ku gina takardarku a kan kawo 'yan sanda. Ƙungiyar Safe Routes Partnership, mai fafutukar shirin, da kanta ta cire wannan daga ginshiƙan shirin a 2020, kuma ɗan sanda yana tashi aiki, tudun kankare ba ya tashi.

Mataki na shida: ku sami mai ɗaukar nauyi da kason gida

Waɗanda dokar tarayya ta yarda su nema sun haɗa da birni, gunduma, hukumar makarantu, makaranta da kanta, hukumar sufuri, kuma tun 2021 har ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ko da yake jiha tana iya taƙaitawa. A aikace, in gini ne, sashen ayyuka ko na sufuri na birni shi ne mai nema, saboda dalili biyu masu nauyi.

Na ɗaya, kason gida. Tarayya kan biya kashi 80, gida ya kawo kashi 20. Aikin dala 500,000 yana nufin wani ya nemo 100,000. A zamanin dokar 2005 tarayya ce ke biya duka, wannan ya wuce. Wasu jihohin suna ɗauke wa unguwannin talakawa kason, ku tambaya. Na biyu, kuɗin na ka-kashe-a-mayar-maka ne. Mai nema yana biyan ɗan kwangila daga aljihunsa, ya kai rasit, sannan a biya shi. Ƙungiyar iyaye ba ta da wannan ƙarfin, kuma ba a tara shi da adashi.

Saboda haka hanya ta bi ta kan kansila. Ku je ofishinsa da fayil ɗinku, ku nemi ya haɗa ku da sashen sufuri, ya kuma goyi bayan a sa kason a kasafin birni. Ku halarci zaman majalisar birni, akwai lokacin da ake ba jama'a minti biyu ko uku su yi magana. Ku je da yawa, mutum biyu su yi magana, sauran su miƙe tsaye a gan su. A birnin New York akwai kwamitocin unguwa 59, goma sha biyu daga ciki a Bronx, kuma ta kwamitin sufuri na naku za ku fara. Ku riƙa kiran 311, layin kai ƙorafi ga birni, kuna ajiye lambar kowane ƙorafi, ita ma hujja ce.

Mataki na bakwai: rubuta takardar

Ku ɗauko takardar makin nan da kuka ajiye. Ita ce jarrabawar, kuma an ba ku tambayoyin tun kafin a shiga. In ta ce tsaro maki 30, buƙatar unguwa 20, goyon bayan jama'a 10, to haka za ku raba ƙarfinku, ku bi tambayoyin a jere, da kalmomin da suka yi amfani da su. Mai dubawa yana da tarin takardu a gabansa, ba zai tona ya nemo amsarku a shafi na tara ba.

Injiniyan birni zai yi zane da ƙiyasin kuɗi. Ku tabbatar ya sa kuɗin zane, da na sa ido, da na ko-ta-kwana, da hauhawar farashi, domin abin da aka amince da shi ake bayarwa, in kuɗi ya haura gida ne zai cika. Ku kuma ku kawo ƙirga, taswira, hotuna da labarin unguwa. A labarin, jimla ɗaya mai lamba ta fi shafi guda na kuka. In kuna son misalin cewa irin wannan aiki yana haifar da ɗa mai ido, ga na kusa: binciken jami'ar Columbia na 2013 ya nuna a unguwannin New York da aka yi gyaran, raunin yara masu ƙafa a lokutan zuwa da tashi daga makaranta ya ragu da kashi 44.

Wasiƙun goyon baya su fito daga shugaban makaranta, hukumar makarantu, kansila, ƙungiyar iyaye, limami da fasto, da masu shaguna na layin. Kada ku rubuta ɗaya ku raba a sa hannu, ana ganewa. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Jihohi da yawa suna neman ƙudurin majalisar birni cewa za ta biya kason ta kuma kula da aikin bayan an gama, majalisa kuwa tana da ranakun zamanta, don haka ku nemi wannan wata biyu kafin wa'adi. In jiha ta shirya taron bayani ga masu nema, ku halarta, wani wurin ma wajibi ne. Ku matsa a aika takarda kwana uku kafin rufewa.

Bayan an aika

In an ce a'a, ku nemi makin da kuka ci da bayanin masu dubawa, ku gyara inda aka rage muku, ku koma a zagaye na gaba da sabuwar ƙirga. In an ce e, ku yi murna kaɗan ku ɗaura ɗamara. Kuɗin tarayya yana zuwa da jela: binciken muhalli, bin dokar naƙasassu ta 1990, tantance iyakar fili, tallar kwangila. Shekara biyu ko uku kafin a ga katafila ba abin mamaki ba ne. Kuma kada kowa ya kashe ko sisi kafin takardar izinin farawa ta fito, duk abin da aka kashe kafin nan ba a mayarwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: akwai rahoto, akwai rasit, akwai sake ƙirga. Ku naɗa mutum ɗaya ya riƙa tuntuɓar jami'in aikin duk bayan wata uku, kuma ya zama mai ƙaramin yaro, wanda ba zai bar makarantar ba kafin a gama.

A tsakanin nan ba zama za ku yi ba. Sabunta zanen tsallakawa, hana faka mota dab da kwana, da saita danja, birni yana iya yinsu daga kasafinsa na yau da kullum, in an matsa. Akwai ƙananan tallafi masu saurin fita, irin AARP Community Challenge da ake bayarwa duk shekara tun 2017, waɗanda ƙungiya mai rajista za ta iya nema da kanta don fenti da alamu da wurin ɗaure keke. Bas mai ƙafa kuwa ba ya jiran kowa, rigar nan mai ƙyalli da jadawalin iyaye a WhatsApp sun isa. Ranar zuwa makaranta da ƙafa ana yin ta a farkon Oktoba, ta keke a watan Mayu. Ku gayyaci kansila da injiniyan su tsallaka mahaɗar tare da yara a ranar, ku ɗauki hoto, ku sa a fayil.

Ranar da aka gama aiki, ku jira wata ɗaya ko biyu mutane su saba, sannan ku koma aji da fom ɗin nan na farko, a irin watan da kuka yi ta farko, Talata da Laraba da Alhamis. Ku aika wa jami'in jiha lambobin biyu a jere, ku ajiye kwafi, domin da su za ku buɗe takardar mahaɗa ta gaba.